Abin Da Hular Datti Ta Gani

Kabo,
4 ga Nuwamba, 2023

Zuwa ga aminina Uwaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zubaidatu da yara. Yaya shagon gyaran waya, yaya haƙuri da birni? Mu nan lafiya lau, sai tsadar mai da ta sa fasinja suka koma taka sayyadarsu. Maiɗakina Umma tana gaishe ku.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direban Gwarzo. Maganar ba ta waya ba ce, don a tasharmu ta 'yan acaɓa in ka kara waya a kunne, mutum goma ke taya ka saurare.

Ka san Baba Maikuɗi na Garo, tsohon nan mai tufkar igiya a ƙofar gidansa, bakin hanya. Sati uku da suka wuce na bi ta nan da buhun barkono biyu a gicciye a bayan babur, zan kai kasuwar Gwarzo. Da yamma aka aiko mini wai na buge shi, ya faɗa kwata, ƙugunsa ya goce. Uwaisu, ni ban gan shi ba, ban kuma ji komai ba. 'Ya'yansa suka kai ni gaban alƙali. Alƙali ya nemi shaidu biyu, babu, ranar kowa yana gona wurin girbi. Sai rantsuwa ta dawo kaina. Na yi alwala, na dafa Alƙur'ani, na rantse ban taɓa shi ba, aka sallame ni.

To kotu ta sallame ni, amma gari bai sallame ni ba. A masallaci mutum sai ya miƙo mini kan yatsu maimakon hannu. Shugaban ƙungiyarmu ya ce in aka sake kawo ƙarata zai karɓe rigar aiki. Shekara goma sha ɗaya ina bin hanyar nan, in na faɗi magana ta zauna. Yanzu ko cewa na yi gadar Dugabau ta cika da ruwa, sai an tambayi wani. Wannan shi ke ci mini rai, fiye da raguwar fasinja.

Shi ya sa na kira ka rannan a kan 'yar kyamarar nan da ake liƙawa a hula. Ina son shaidar da ba ta zuwa gona. Amma bayanin da ka yi mini ya ƙara ɗaure mini kai. Ka ce akwai ta saman hula, akwai ta haɓa, akwai ta ƙirji mai maɗauri, akwai ta hannun babur. Ka ce kati akwai mai talatin da biyu, akwai mai sittin da huɗu, ba ka ce talatin da biyun mene ne ba. Ka ce wata ba ta tsoron ruwa, wata ba ta rawa a gargada. Ni da ko hular kwanon ba ni da ita! Kuma ka tambaya mini masana, alƙali yana ƙirga kyamara ɗaya a matsayin shaida ɗaya ne? In haka ne sai na sayi biyu ke nan?

Na sayar da tunkiya, abin da aka samu yana hannun direba. Ka zaɓo mini yadda za ka zaɓa wa kanka, ka haɗo da hular.

Ka gaida Zubaidatu da kyau.

Naka,
Datti

Kabo,
15 ga Nuwamba, 2023

Aminina Uwaisu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kuna lafiya, da fatan tarin da ka ce yana damun ƙaramar ya yi sauƙi. Allah ya ƙara afuwa.

Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri, amma ka cuce ni. Na ce ka zaɓa mini, sai ka aiko da kyamara ɗaya da mazauni huɗu, ka ce in duba wanda ya yi mini. Takardar bayanin kuma da rubutun Sin take, na juya ta sama na juya ta ƙasa duk ɗaya. Sai da na kai wa Malama Anastasia, malamar makarantar 'yan mata, mutuniyar Kafanchan, wadda nake kai wa buhun gawayi. Ita ta sa katin, ta nuna mini maɓalli.

Kwana biyu ina shawara da kaina. Ta haɓa gemuna yana rufe mata ido. Ta ƙirji ba ta ganin komai in na ɗora buhu a tanki. Ta hannun babur kuwa, kafin in idar da raka'a huɗu wani ya yi gaba da ita. Sai na tsaya a kan ta sama, na ce wanda ya hau rumbu ai ya fi kowa hange. Na manna ta da gam ɗin da ka aiko, na ƙara da ɗaurin robar tayar keke don ban yarda da gam ɗin ba.

Yanzu a tasha sunana Zakara. In na shigo sai su yi cara. Ban kula su ba, amma akwai abubuwan da har yau ban gane ba. Jar fitilar nan, in tana ƙiftawa ne take ɗauka, ko in ta tsaya? Malama ta ce in tana ƙiftawa, kai ka ce in ta tsaya, ni kuma tana bisa kaina ba na ganinta. Batirin yana mutuwa kafin azahar, sai in kai wa mai caji. Hular da zafi kamar murfin tukunya, ga shi in dattijo ya gaishe ni ba na ji sosai, in amsa lafiya lau a inda ya kamata in yi ta'aziyya.

Ban taɓa kallon abin da ta ɗauka ba, ka san wayata 'yar ƙarama ce. Amma hankalina ya ɗan kwanta, don ko yau wani ya ce na buge shi, ina da mai tsaya mini. Baba Maikuɗi har yanzu yana kwance. Kullum ina wucewa ta ƙofar gidansa, 'ya'yansa ba sa amsa sallamata. Mutane sun fara cewa tsufa ne ya ruɗa shi, shi ya faɗi da kansa ya laƙa mini.

Umma ta ce in gode wa Zubaidatu da sabulun.

Naka har kullum,
Datti

Kabo,
26 ga Nuwamba, 2023

Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

An karɓe rigata, an karɓe hular. Abin da na sayo don ya wanke ni shi ya jefa ni cikin wata.

Magidantan Gude ne suka kai ƙarata wurin mai unguwa. Sun ce darnin gidajensu iyakarsa kan mutum a zaune bisa babur, to ni na ƙara wa kaina tsawo da taƙi guda, idon na'urata yana leƙa tsakar gida, inda matansu ke daka da wanka ba mayafi. Wallahi wannan bai taɓa zuwa raina ba. Da na je na tsaya da babur jikin wani darni na gwada, sai na ga gaskiyarsu, kyamarar ta ɗara shi. Kai da ka girma a nan, me ya sa ba ka tuna mini ba? Ko zaman birni ya sa ka zaci kowa katangar bulo gare shi?

Aka tara mu a zauren mai unguwa, da liman, da 'yan Hisba biyu, da shugabanmu. Wani ya ce a farfasa ta. Na roƙa kada a fasa, don in an fasa, zargin ya zauna a kaina har kabari. Aka ce to a duba abin da ke ciki. Nan aka tsaya cirko-cirko, don wa zai duba? 'Yan Hisba suka ce su ba za su kalli matan mutane ba. Liman ya ce shi ma haka. Wani ya ce kowane miji ya kalli na gidansa, aka ce ai hoton a jere yake, kafin ya kai gidansa ya ratsa na maƙwabta. Aka ce mai unguwa uban kowa ne, ya ce a rufa masa asiri. Tun hantsi har aka kira azahar ana abu ɗaya. Ni ina tsugune, ban san ko in yi fatan ta ɗauka ko in yi fatan ba ta ɗauka ba.

A ƙarshe aka tsaya a kan Inna Marka ungozoma, wadda ta yanke cibiyar rabin waɗanda ke zauren, har da ni. Aka ce ita ba abin da za ta gani wanda ba ta riga ta gani ba. Za ta kalla a kwamfutar Malama Anastasia, su biyu, ƙofa a rufe, abin da ta faɗa shi ne hukunci.

Uwaisu, ni na san ban leƙa gidan kowa ba. Amma ita hular ban san abin da ta yi a bisa kaina ba. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Datti

Kabo,
1 ga Disamba, 2023

Zuwa ga aminina kuma ɗan'uwana Uwaisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Zubaidatu da yara, da fatan Juma'a ta same ku lafiya. Na ji saƙonka wurin direba, na gode da addu'a. Kada ka zargi kanka, ni na zaɓi ta sama.

Yini uku Inna Marka ta yi tana kallo. Jiya ta zo zaure da sandarta, ta ce ita dai an ɓata mata lokaci. Ta ga gonaki, ta ga shanu, ta ga hanyar Gwarzo har ta haddace ramukanta, amma ba ta ga ko gefen zanen matar kowa ba. Ta ce da zarar gidaje sun matso sai hoton ya kife, ba abin da ake gani sai tankin babur da hannuwana da ƙasa, har sai an wuce darni na ƙarshe. Kowane ƙauye haka, kowace rana haka.

Sai a lokacin na gane. Tun muna yara mahaifina ya hore ni da cewa namiji ba ya ratsa gidajen mutane kai a ɗage. Abin ya zama jiki, ban ma san ina yi a kan babur ba.

Zaure ya ɗauki kabbara. Liman ya sa mini albarka, ya ce a yi koyi da ni. Shugabanmu ya miƙo mini riga da hannu biyu. Waɗanda suka kai ƙarata suka ba ni hannu cikakke, har wani yana cewa mai irin wannan tarbiyya ba zai rantse a kan ƙarya ba, dama tsohon Garo ne ya ruɗe. Uwaisu, na ji daɗi har na yi ƙwalla. Abin da nake nema wata biyu ke nan, ga shi na samu.

Da aka watse sai Inna Marka ta ce in biyo ta gidan Malama. Ta sa aka kunna mini wani wuri guda, na wata ranar Talata bayan na fara sa hular, ina ɗauke da buhu biyu a gicciye. Na ga masallacin Garo, sai hoton ya kife. Malama ta ƙirga a hankali, sai da ta kai goma sha huɗu kafin kaina ya ɗago. Duk wannan tafiyar babur yana gudu, ni ina kallon tanki. A tsakiyar ƙirgar, a gefen hoton, an ga kujerar Baba Maikuɗi, wadda har yau take ƙofar gida ba kowa a kai. Tayata ta wuce ta da kamar taƙi biyu, buhuna kuwa ya fi haka fitowa. Aka ji ƙwas, a hankali. Aka kunna na washegari, kujerar tana cikin kwata.

Ranar Talatar nan ban ji komai ba, Uwaisu, kamar yadda ban ji ba ranar da tsohon ya faɗa kwata. Na isa Gwarzo ina raha.

Inna Marka ta ce ita an sa ta duba mata ne, ta duba, ta faɗi abin da ta gani. Wannan kuwa ba wanda ya tambaye ta, ba kuma za ta faɗa ba, nawa ne. Malama ta ciro katin ta sa mini a tafin hannu.

Tun jiya kaina a kulle yake. Abin da aka yabe ni a kansa da safe, shi ne ya karya tsoho. Na tambayi liman a kaikaice, ya ce wanda ya rantse bisa abin da ya sani ba shi da laifin ƙarya. Na ji, amma wannan bai ishe ni ba. Katin nan bai kai farcen babban yatsa ba, in na jefa shi rijiya magana ta ƙare, ina da rigata, ina da sunana. Na je har bakin rijiyar na dawo.

Gobe da hantsi zan tafi Garo, da ƙafa, in tsuguna gaban Baba Maikuɗi da 'ya'yansa in ce ni ne. Na san rigar za ta tafi, wataƙila a koma gaban alƙali, waɗanda suka yi mini kabbara kuma za su ce dama sun faɗa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Amma ni tun a sati ukun farko da nake faɗar magana ana tambayar wani, na kusa zaucewa. Shi bawan Allah nan sati bakwai yana kwance a kan ƙugu ɗaya yana faɗar gaskiya, jiya kuma a gabana gari ya taru ya ce ya ruɗe.

In ka ji shiru kwana biyu, ka leƙo ka duba Umma.

Ka yafe ni, ka gaida kowa.

Naka amini,
Datti