Murhun da Baba ya haɗa da hannunsa

Inna Sirkka, don Allah ki taimake ni da shawara. Kwana tara ke nan ina yawo da magana a ciki, na kasa fitar da ita.

Mahaifina Aulis shekararsa saba'in da tara. Arba'in daga ciki aikin wutar lantarki ya yi, rabin gidajen ƙauyenmu shi ya ja musu waya. Mutum ne marar magana, tun rasuwar mahaifiyarmu kuwa abin ya ƙaru. Ko ni da nake 'yarsa, hirarmu mafi tsawo a kan lissafi muka yi ta. Shi ya koya mini cewa in ka ninka ƙarfin layi da yawan wutar da ke gudu, ka sami abin da na'ura ke ci. In kuma ka raba su, ka sami turjiyarta. Yau ina koyar da kimiyya a sakandare, daga teburinsa na faro.

Muna da ɗan gida na katako a bakin tafki, da sauna, ɗakin siracen da ya gina da kansa. Kowace Asabar sai ya shiga, ko ƙanƙara ake zubawa. Bana ya ce tsohon murhun lantarkin ba ya gasa duwatsun da ake zuba wa ruwa don tururi yadda yake so, ya sayo babba ya haɗa, bai gaya wa kowa ba.

Ran da na je, na ji ƙaurin roba a bayan bango. Na taɓa wayar, da zafi. Na duba jikin murhun: wat dubu shida. Layin gidan bolt ɗari biyu da talatin ne, ke nan amfiya ashirin da shida yake ja. Tsohon wat dubu uku ne, amfiya sha uku, turjiyarsa kusan om sha takwas. Ta sabon ba ta kai tara ba. Wayar kuwa ta da ce, siririya. Na buɗe akwatin wutar gidan, sai na ga ya cire fiyus mai alamar toka na amfiya sha shida, ya ɗaura mai rawaya na ashirin da biyar, don ya daina yankewa. Inna, wannan shi ne abin da ya taɓa korar ma'aikacinsa a kai.

Na zauna a bakin ƙofa na yi kuka. Ba murhun ne ya sa ni kuka ba, tsoro nake kada a ce kansa ne ya fara tafiya. Yayana Jorma ya ce in yi shiru in kira wani ya gyara a ɓoye. To, Baba zai gane hannun wani a wayarsa da kallo ɗaya. Ga bikin tsakiyar bazara saura mako biyu, jikokinsa biyar za su shiga ɗakin nan. In na faɗa masa, na karɓe masa abu ɗaya da ya rage yana taƙama da shi. Yaya zan yi?

'Yar mai wuta, daga yankin Savo

*

'Yata, na ji kukanki, kuma kin yi daidai da kika tsorata. Lissafinki ba kuskure. Wayar da aka yi don amfiya sha shida ba ta san darajar wanda ya ja ta ba, in an ɗora mata ashirin da shida zafi za ta yi, bangon kuma katako ne. Saboda haka yau ɗin nan a cire fiyus ɗin, kada kowa ya kunna murhun, ko da Asabar ta zo. Wannan ba ya jiran shawara.

Jorma tausayi ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa, amma ban goyi bayansa ba. Gyara a ɓoye yana nufin kun yanke wa dattijo hukunci ba ku saurare shi ba, ran da ya gano kuwa zai fi jin ciwo.

Kada kuma ki yi saurin binne hankalinsa. Sabo da aiki yana sa gwani sakaci, kuma mai zaman kaɗaici yakan ce ai ni kaɗai ne, minti ashirin ba komai. Ganganci ne, amma ba lalle ciwo ba ne.

Ki je ke kaɗai, ki dafa kofi, ki ajiye masa lambobin a takarda, ki faɗa masa gaskiya: kin ji ƙauri, kin tsorata, kina so ya duba. In ya kalla ya yi tsaki ya miƙe neman waya mai kauri, mahaifinki yana nan. Ki bar shi ya zaɓi mai lasisin da zai yi aikin, shi ya tsaya a kansa. In kuwa ya daɗe yana kallon takardar bai gane ba, kada ki gyara masa, kada ki tashi. Ki matso kusa da shi. Likita sai wani makon. A ranar 'yarsa yake bukata.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya kai ku bikin lafiya, ku duka.

Inna Sirkka