Kwalbar Yaya Gado

Litinin, 11 Maris 1996

Yau na fara aiki a labo, ɗakin gwaje-gwaje. Sun ba ni tebur, da madubin likita wanda ya girme ni, da firji mai tari. Shekarun da na kwashe a Faransa ina karatun ciwon dajin da sana'a ke jawo wa mutum, ga inda suka sauke ni. Ba komai, ni na zaɓa.

Da yamma na biya marinarmu ta unguwar Bololo. Yaya Gado ne ke riƙe da ita tun rasuwar Baba. Warin nan dai bai canza ba. Kakanmu da ya taso daga Kura zai tafi Makka, ya yada zango a nan bai ƙara gaba ba, da ganyen baba yake rini. Tun zamanin Baba aka koma galura, garin da ake kawowa a duro. Hannu tsirara suke dama shi, da hannun kuma suke cin tuwo. Wasu kalolin an daɗe da hana su a Turai saboda dajin mafitsara.

Yaya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Lubna, an dawo da farar riga za a koya mana rini?" Na yi dariya, amma raina ya sosu.

Alhamis, 4 Afrilu 1996

Na tambayi marinan ko akwai mai ganin jini a fitsari. Suka bushe da dariya. Wai duk wanda ya yi wanka a kogin Shari yana yaro ya san tsargiya, har ma alamar namiji ce. Malam Rufa'i, abokin Baba, ya ce shi tasa ta dawo masa da tsufa, kuma babu zafi. Babu zafin nan shi ya tayar min da hankali. Haka Baba ya ce a shekararsa ta ƙarshe.

Na raba kwalaben gwajin fitsari. Dattawan sun karɓa saboda darajar Baba. Yaya ya kai hannunsa baya. Wai shi ba zai miƙa wa ƙanwar da ya goya fitsarinsa ba, ko kunya ta ƙare a duniya.

Asabar, 16 Nuwamba 1996

An binne Malam Rufa'i. Dajin da na gani a madubi ne, kuma na gan shi a makare. Wanda ya yi masa wanka ya ce sun cuɗa hannun har sun gaji, shuɗin nan bai fita ba. Haka aka sa shi a likkafani.

Talata, 9 Yuni 1998

Yunusu, mai dama galura, ya rasu. Shi ma daga kwalaben farko yake. An kai shi asibiti a Kamaru, aka dawo da shi a kwance.

A wajen zaman makoki na lura da wani abu. Ina shiga ɗakin mata hira ta tsaya. Wata ta jawo ɗanta ta tura shi bayanta. Da zan sha ruwa, aka kawo min a wani kofi dabam, kuma na ga an ajiye shi gefe bayan na gama.

Laraba, 3 Fabrairu 1999

Khairiyya, matar Yaya, ta gaya min abin da ake faɗa. Ta yi ta kewaye-kewaye, na ce ta fito fili. Wai duk wanda ya ba ni kwalba ba ya daɗewa. Wai fitsari da gashi da farce ba a ba mutum su haka nan, kowa ya san abin da ake yi da su. Maƙwabta masu Larabci suna ce min massasa, namu kuma mayya.

Na yi dariya har da hawaye. Na zauna na yi mata bayani: waɗanda suka fi daɗewa a galura na fara zaɓa, ciwon kuma yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya fito, don haka dole su ne za su fara faɗuwa. Ta gyaɗa kai ta ce, "Haka ne, Dokta." Da can Lubna take ce min.

Na roƙe ta ta shawo min kan Yaya. Tun yana ɗan shekara goma hannunsa ke cikin duron nan. In da wuri aka gani, ana kankare abin mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Wannan kaɗai nake nema.

Juma'a, 13 Oktoba 2000

An buga bincikena. Wani babban malami ya rubuto daga Faransa yana taya ni murna, wai alƙalumana masu kyau ne. Rufa'i da Yunusu da sauran ke nan, masu kyau.

Na kai safar hannu marina. Suna rataye a ƙusa har yanzu, wai da su ba a jin ko rini ya kama. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Yaya ya ce, "Ke dai ki bar mu da Allah." Na ce Allah ne ya ce a yi rigakafi. Ya ce in na gama wa'azi in gaishe da gida.

Lahadi, 20 Mayu 2001

Wani abu da ba zan faɗa wa kowa ba. Yanzu ina gane su tun kafin kwalba. Akwai wani zama da suke yi, a karkace, hannu ɗaya a mara, da wani yanayi da fuska ke yi kamar an yayyafa mata toka. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka nake gaya wa kaina. Duk likitan da ya daɗe yana ganin ciwo ɗaya haka yake.

Sai dai jiya na tsaya a ƙofar marina, idona ya faɗa kan wani dattijo, ya ɗago muka haɗa ido. Ya tashi a hankali ya naɗe tabarmarsa ya fita.  Ruwan shadda yana ta ɗiga daga igiya.

Litinin, 25 Agusta 2003

Abdussamad ya rasu.

Shi ba marini ba ne. Masunci ne a unguwar Walia, ƙato, lafiyayye. Ina bukatar fitsarin waɗanda ba su taɓa galura ba don in gwada da na marina, to shi ne ya ba ni watan jiya. Har yana tsokanata, wai, "Dokta, in kin cinye ni ki rage wa matata ƙashi." Na duba nasa, fes yake, babu komai.

Kwalekwalensa ya kife a ruwan da yake shiga tun yana rarrafe. Damina ce, kogi ya cika, masunta suna nutsewa kowace shekara. Na san wannan. Na faɗa wa kaina ya fi a ƙirga.

Ban je gaisuwa ba.

Alhamis, 18 Maris 2004

Ba mai ba ni kwalba yanzu. Aikin ya koma kan masu fenti da masu walda na unguwar Klemat, waɗanda ba su san ni ba. Ko su ɗin, abokin aikina nake turawa ya karɓo. Na ce masa maza sun fi sakin jiki da namiji.

An gayyace ni taro a Dakar. Za ni. A can in na shiga ɗaki ana ci gaba da magana.

Yaya ya zo labo da rana, karo na farko. Bai shigo ba, a bakin taga ya tsaya. Ya ce ya ji maganganun da ake yi a kaina, kuma duk wanda ya sake faɗa a gabansa sai ya bar marinar. "Ni na goye ki, na san abin da na goya."  Ina son Yayana, wallahi ina son shi, duk taurin kan nan nasa. Da zai tafi na kawar da kaina, ban kalli yadda yake tafiya ba.

Talata, 6 Disamba 2005

Khairiyya ta zo da safe, da wani abu ƙunshe a gefen mayafinta. Ta ajiye a teburina ta janye hannu da sauri. Kwalba ce, ɗaya daga cikin na farkon nan. Ashe daga baya ya ɗauki ɗaya, ya ajiye ta duk shekarun nan.

Ta ce wata biyu ke nan yana ganin jini, babu zafi. Ta ce shi da kansa ya ce a kawo min, wai, "A kai wa Lubna. Ni ba na tsoron ƙanwata." Tana faɗa tana kuka, kuma ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Shekara nawa ina roƙon wannan kwalbar.

Na sa ta a firji. Wuta ta ɗauke da hantsi.

Laraba, 7 Disamba 2005

An kawo wuta. Na goge madubi, na jera gilasai, na ɗauko kwalbar. Launinta kamar ruwan wankin nama. Na riƙe ta har ta ɗumama a hannuna, sannan na mayar.

Fitsari ba ya jira, na sani, ni nake koya wa ɗalibai haka. Abokin aikina ya ce in aiki ya yi min yawa ya duba min. Na ce a'a, ba na gaggawa ba ne. Ai ko shi ya duba, ta hannuna ta biyo.

Asabar, 10 Disamba 2005

Fitsarin ya lalace. Na zubar, na wanke kwalbar da kaina.

Na je Bololo bayan la'asar. Ban shiga wajensa ba, daga zaure na tsaya, ina jin muryarsa yana yi wa masu bugu faɗa sun bar shadda a rana. Khairiyya ta ce yau ya ci tuwo har ya yi ƙari, kuma da ƙafarsa ya je masallaci. Jinin ma ya tsaya tun shekaranjiya.

Haka ciwon yake, ya zo ya ɗauke ya dawo. Na rubuta hakan da hannuna a bincikena. Ba na cewa don ban duba kwalbar ba ne.

Ta tambaye ni sakamako. Na ce firji ne ya ɓata shi. Ta ce to a kawo wani gobe? Wai Yaya ya ce ko sau nawa nake so zai bayar.

Na ce a bari tukuna.