Wandon Wankin Mota a Kan Ƙanƙara

Kawu, ina gaisuwa daga Greensboro. Yaya jiki, yaya Inna da yara?

Wai kai ka ce ɗanka Lawali ya riƙa bin shawarar Alhaji Idi na can gida? Abokan aikinsa suka gayyace shi Michigan kamun kifi a tafkin da ya daskare. Na yi karatuna, na samo masa wando mai araha, mai rufe ƙirji, da auduga a ciki, ruwa ba ya ratsa shi. Alhaji ya hana, wai wandon roba na wankin mota ya isa! Sanyi ya tsaga robar, ruwa ya gangara cikin takalmi. Yanzu likita na ƙoƙarin ceton yatsun ƙafarsa.

A sa shi a addu'a, a gaida kowa. Amma ka kira Alhaji, ranar Juma'a ya miƙe gaban jama'a ya faɗa mana yaushe ya taɓa taka ƙanƙara.

Ɗanka, Habibu