Bugun Auta na Ƙarshe

Zuwa ga Dogo mai jita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni ne mahaifin Auta, mai gangarku. Kai ne ka riƙe mini hannu ranar da aka binne shi.

Yayarsa ta karanta mini wani rubutu a waya, an ce cikin masu kiɗan Turawa mai ƙara da ake kira metal, waƙoƙinku "furogiresif" ne. Na tambaye ta ma'ana, ta ce ci gaba. Ci gaba zuwa ina? Ni dai a kunnena kamar ana sauke kwanon rufi daga mota ne. Saboda wannan ƙarar na fito da gangunansa daga gareji, na jibge su a bakin titi, na ce ya zaɓa, ko gida ko ganga. Ya zaɓa. Shekara uku ba mu yi magana ba, har mota ta buge shi.

Ka fahimtar da ni abin da ɗana yake yi. Ka huta lafiya.

Baban Auta

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ya ƙarin haƙuri?

Ban iya bayani ba, amma ga shi. Yawancin waƙa minti huɗu ce, tana da amshi, kana jin farkonta ka san ƙarshenta. Mai rawa yana ƙirga ɗaya zuwa huɗu ya koma. Tamu ba ta komawa. Takan kai minti goma sha biyar, ta fara da ruri, ta yi laushi har ka ji yatsa yana goga wayar jita, sannan ta shiga wata hanya dabam. Auta yakan ƙirga bakwai, ya juya tara, mu bi shi muna gumi. Mai kaɗa mana jitar bes yakan ce, "Kai, lissafi muka zo yi ko kiɗa?" Sai Auta ya ce, "Wanda ya faɗi jarrabawa ya sayo ruwan sanyi."

Kwana biyu kafin hatsarin ya naɗi gangar sabuwar waƙa, shi kaɗai. Har yau ba mu ɗora mata komai ba. Daga minti na tara babu wanda ya gane ƙirgarsa, kuma babu wanda za mu tambaya.

Naka,
Dogo

*

Dogo,

Na gode, Allah ya yi maka albarka. Na karanta sau uku, na gane rabi. Tambaya ɗaya ta rage, kada ka lallashe ni. Yana maganata?

Baban Auta

*

Baba,

Barka da war haka. Kwana shida ina juya wannan takarda.

Ba ya yi. In an kawo zancen gida sai ya ce a sake daga farko, ya ɗaga sanduna. Bai taɓa zaginka ba, bai kuma taɓa ambatonka ba. Sau ɗaya muna cikin mota muka bi ta layinku, ya ce wa direba ya rage gudu. Ya kalli ƙofar garejin, ya ce an canza fenti. Shi ke nan.

Na so in ƙara maka wani abu a kai, amma ka hana ni. Na tura wa yayarsa gangar da ya naɗa, ta waya. Ka gafarce ni.

Dogo

*

Ɗana Dogo,

Ina gaishe ka. Na saurara a garejin, ƙofa a rufe. Na gwada ƙirgawa da yatsu, na ɓace tun minti na biyu, amma na zauna har ƙarshe.

Bayan bugu na ƙarshe akwai shiru kaɗan. Sai ya ajiye sanduna, ya yi tari, ya ce, "To, ya isa haka." Muryarsa ta yi kauri. Ban san ta yi kauri ba.

In kun gama waƙar, kada ku yanke wurin nan.

Baba