Abin da na riƙa zuba maka a kunu

Zuwa ga maigidana, Malam, a gadon asibiti a Kano.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, gaisuwar wadda ta shekara arba'in da ɗoriya tana ajiye maka buta. Gida lafiya, Roni lafiya. Na rubuta wannan ne a inda kowa zai gani, don in na bari sai mun haɗa ido, bakina zai sake mutuwa.

Shekara uku ke nan da babur ya kayar da kai a hanyar kasuwar Gwiwa, aka sa maka ƙarfe a ƙugu. Ka dawo kana takawa, kana cewa yanzu kai ɗan'uwan maƙera ne. Da maganin asibiti ya ƙare, ka ce kai da ƙwaya har abada, wai cikinka ba kemis ba ne.

Ni kuwa tsoro ne ya cika ni. A gidanmu na taso na ga duk miki, kafso ja da rawaya ake ɓarewa a barbaɗa masa. Naka mikin yana can ciki, hannuna ba ya kai wa. Sai na ce to, bari in aika ta baki. Duk ranar da ka miƙe ka ce wash, ko na ga ka dafa bango, sai in ɓare guda biyu in juye a kunun tsamiyarka, in ƙara sukari. Wani lokaci kwana uku, wani lokaci mako, in bari, in sake. Ka sha cewa tsamiyar bana ɗaci gare ta. Na ƙyale tsamiya ta ɗauki laifi. Cikinka ya yi ta ɓaci kana zaryar bayan gida, ni kuma in ce ai ga ciwon nan ya fito fili, in ƙara maka.

Ranar Larabar nan ina zaune gefenka likita ya ɗaga hoton ƙugunka, ya nuna ƙarfen ya fara girgiɗa cikin ƙashi, kamar fartanyar da ƙota ta saki. Ya ce a hanjin kowa akwai wasu 'yan halittu da ido ba ya gani, garke guda, na kirki suna tare na banza. In ana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su kafso, ba ƙa'ida, na kirkin su mutu, na banzan su samu fili, jiki ya kumbura ta ciki, har abin ya iya taɓa ƙashin da ke riƙe da ƙarfe. Na sha tatsuniya a bakin kakata, ban taɓa jin wadda aka ajiye gari guda a cikin mutum ba.

Sai ya tambaye ka ko kana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ka ce ko ɗaya, ga matarka nan shaida. Na gyaɗa kai. Malam, na gyaɗa kai.

Maganar gaskiya, likitan ya ce ana kan bincike, ba a gama tabbatarwa ba, kuma ƙarfe kan saki don wasu dalilan. Daga Kano har Kazaure na yi ta jan wannan maganar in rufa da ita, ba ta kai min ko gwiwa ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne ɗaya maganar tasa: ƙwayoyin da suka saba da magani ba sa jin sa, don haka sai ya san abin da ka sha kafin ya zaɓi wanda zai ba ka a aiki na biyu da za a yi wa ƙugun. Aikin kuwa Litinin ne, kuma da amsata zai shiga.

'Yarmu Binta da ke jinyarka za ta karanta maka wannan. Na aika mata kwalin maganin a motar safe. A nuna wa likita yau, a ce kusan shekara uku ne.

Ban yi don cuta ba, ka fi kowa sani. Amma kai ne kake kwance, ni ina tafiya da ƙafafuna.

Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ƙashi ya kama ƙarfen ya riƙe, Allah ya dawo min da kai kana takawa. In ka yafe, ka aiko in zo. In ba ka yafe ba tukuna, ka fara gaya wa likita. Fushin zan jira shi a gida, ba inda za ni.

Matarka,
Hajara