Akurkinki ya kama hanyar Mayahi

Maman Sumaiya,

Motar ta tashi. Kina fita rijiya na murza makulli, bugu ɗaya injin ya kama, ba hayaƙi, ba ƙwanƙwasa. Yau wata biyu ke nan da Alhaji Rabilu ya kafe da jar motar tseren nan a rairayin hanyar garin Sarkin Hausa, ya yi ta ba ta wuta har fistan biyu suka fashe. Masu garejin Maraɗi sun ce sai sabon inji. Ga shi a tsakar gidanmu na haɗa tsohon injin da hannuna.

Zan kai masa ita Mayahi yanzu a hankali, in gaya masa motar kwalta ce.

Ki yi haƙuri da maganar kazarki. Ƙwai tara da take kwanci a kansu bayan kujerar motar na kwashe, ko ɗaya bai fashe ba. Suna cikin kwando ƙarƙashin rumbu. Ta sare ni sau biyu ta gudu. Ki mayar da ita kansu kafin su huce.

Kullum kina cewa motar nan ta zama akurki har abada. To, akurkinki ya kama hanyar Mayahi da ƙafarsa.

Ɗayyabu