Gonar Mama Saratu da Maganar Haraji

Lahadi da dare, watan Disamba

Barci ya ƙi zuwa. Bayan sujada muka zauna gindin mangwaron coci kan maganar haraji. Kowa ya gaji. Buhun citta ɗaya, kafin ka kai shi kasuwar Kachia sai an tare ka sau uku, kowa da nasa rasit. Ni mai baki, na miƙe na ce gara a cire shingayen nan, a auna gonar kowa, mu biya sau ɗaya a shekara. Har tafi aka yi mini.

Sai Mama Saratu ta ɗaga hannu, ita da ba ta magana a taro tun rasuwar mijinta. Ta ce, "Ɗana, gonata ta fi taka girma, amma bana cittata duk ta ruɓe a ƙasa. Ko Ubangiji, daga abin da ka girbe yake karɓar zakka. Kai me za ka auna?"

Ni ne fa na taya ta tonon, na ga ruɓar da idona. Irin cittar ma marigayin ne ya bar mata.

Ɗan tafi kawai aka yi mini, na manta da ita.